Gudumar Kwance Harsashi

A shekarar da wuta ta cinye rufin babban cocin nan na tsakiyar Paris, cikin watan Sha'aban, ni ma na ga hayaƙin da idona. Na rufe shago ke nan zan koma Montreuil, ina tsaye a tashar metiro ta Barbès, wadda ke bisa kan kasuwa, sai na ga mutane duk sun juya suna kallon kudu. Wata tsohuwa Bafaranshiya tana kusa da ni, hawaye na zuba mata. Na ba ta haƙuri da ɗan faransancin da nake da shi, domin gidan ibada ne ko da ba namu ba ne. Ana cikin zancen wannan gobara aminina ya kira ni daga Lyon.

Shi Bagobiri ne daga wani ƙauye a bayan Tibiri, ni kuwa Bakatsinen Maraɗi, saboda haka tun da muka haɗu wasa ke tsakaninmu, ba mai kiran wani da suna. Ni ina ce masa Bagobiri, ko bawana in ina jin tsokana. Shi yana ce mini Bakatsine, sai in yana da buƙata ya ce Malam. Muna samari muka zauna ɗaki ɗaya a foye na Montreuil, wato gidan kwanan baƙin ma'aikata, gado bisa gado, tukunya ɗaya. Daga baya ya sami aiki a wata masana'anta kusa da Lyon, ya tare a Rillieux-la-Pape, ya ɗauko iyalinsa, 'ya'ya suka girma suka watse. Ni na tsaya a Paris ina sayar da shadda da atamfa.

Ubansa maharbi ne, kakansa ma haka. Da ya zauna da gindinsa a Faransa, sai ya nemi wani kulob na masu harbin allo a bayan gari, ya yi duk takardun da hukuma ke nema, ya sayi akwatin ƙarfe mai makulli don ajiye bindiga. Bai taɓa harbin abu mai rai a ƙasar ba. Takarda ce mai zane ake kafa masa daga nesa, yana huda ta. Na sha yi masa ba'a cewa jikan masu kashe ɓauna ya koma kashe takarda, yakan ce ai gara shi, Bakatsine ko takardar ce ta motsa sai ya gudu.

Abin da ya fi so a cikin sha'anin shi ne haɗa harsashi da hannunsa. Ba ya sayen haɗaɗɗe. Yakan tsince kwanson tagulla bayan ya harba, ya wanke, ya auna albarushi a ɗan sikeli ya zuba, sa'an nan ya matsa dalma a bakin kwanson da wani ƙaramin inji da ya ɗaure a teburin ɗakin da yara suka bari. Ya ce a gidansu ba a taɓa barin wani ya ɗura wa mutum bindiga ba, ko da ɗan uwansa ne, kuma ya tarar Turawan kulob ɗin su ma ba sa harba abin da wani ya haɗa. Wannan daidaito ya yi masa daɗi ƙwarai, yakan faɗa kamar ya tarar da dangi.

Ranar da ya kira, gaisuwar ta yi gajarta, kuma da Malam ya fara.

"Malam, aike nika son yi maka. Akwai wani abin aiki da za ka saya mini nan Paris."

"Lyon ta ƙone ita ma? Ba shaguna a garinku?"

"Akwai. Sun san ni."

Na tambaye shi me ya faru. Sa'an nan ya ba ni labari da murya ƙasa-ƙasa. A makon da ya wuce yana wurin harbi, ya ja kunama, sai bindigar ta yi wani ɗan tari maimakon ƙara. Shi bai lura ba, domin kunnensa ya yi nauyi tun da daɗewa. Yana shirin harba na biyu mai kula da wurin ya riƙe masa hannu. Da aka duba, sai ga dalma ta maƙale a tsakiyar bututun bindigar. Harsashin ba albarushi a cikinsa, ɗan abin kunna wutar da ke gindinsa ne kawai ya tura dalmar ta tsaya a hanya. Da ya harba na biyu a kanta, da bindigar ta fashe a hannunsa. Shugaban kulob ya kira shi gefe cikin mutunci, ya ce duk abin da ya haɗa a lokacin sanyin da ya wuce sai ya kwance shi ɗaya bayan ɗaya kafin ya sake tsayawa a layin masu harbi.

"Na auna su a sikeli, na girgiza su a kunne, ba a ganewa," in ji shi. "Sai an cire dalma an duba. Akwai abin da aka yi don wanga aiki. In na shiga shagon nan namu na tambaye shi, kafin la'asar duk kulob sun ji Bagobiri ya fara ɓata ɗuri."

Ya faɗa mini sunan abin da faransanci, na rubuta da ajami a bayan wani kwalin shadda yadda kunnena ya ji. Ya ce kada Hajiya ta ji, wato matarsa.

Ban taɓa shiga shagon bindigogi ba sai ranar. Na daɗe ina tunanin ko in sa kwat da wando, daga baya na ce a'a, yadda Allah ya san ni haka zan je, da kaftanina da hulata da furfurar gemuna. Sai an danna ƙararrawa ake buɗe ƙofar. Mutum biyu da ke ciki suka daina magana da na shiga. Ban ga laifinsu ba, garin ya ga abin da ya gani na hare-hare a shekarun baya. Na yi gaisuwa, na ce abokina ne ya aiko ni, na karanta wa mai shagon abin da ke jikin kwalina. Ya sa na maimaita, sa'an nan fuskarsa ta saki. Ya ce ai wannan ba makami ba ne, abin kwance makami ne, ko takarda ba a nema.

Ya ɗauko iri biyu ya ajiye a gabana. Na farko guduma ce ta roba mai haske, ana ganin cikinta, kanta rami ne. Ana sa harsashi a ramin a murɗe marfi, a buga ta a kan katako mai tauri, sai nauyin dalmar ya fizge ta daga kwanson, ta faɗo cikin ramin tare da albarushin. Ya ce tana karɓar kusan kowane girman harsashi, amma tana da ƙara, tana kuma cin kafaɗa in aikin ya yi yawa. Na biyun ɗan ƙarfe ne kamar bakin awartaki, ana ɗaura shi a kan injin da mutum ke haɗa harsashi da shi, ya cafke dalmar, a ja hannun injin ta fito salin-alin. Ba ƙara, ba gajiya. Sai dai kowane girman dalma da nasa bakin, dole a san lamba.

"Abokinka harsashi nawa zai kwance?" mai shagon ya tambaye ni.

Na ce aikin sanyi guda ne na mutumin da ya ajiye aiki, ba shi da abin yi sai wannan.

"To na biyun za ka ɗauka. Shekarunsa kamar naka?"

Na ce ya girme ni kaɗan.

"Na biyun," ya sake cewa. "Kira shi ka ji lambar."

Na koma gefe kusa da wasu jakunkunan fata na kira shi. Ya ɗauka a baranda, ina jin iska. Na ce Bagobiri, ana tambayar lambar dalmarka. Ya yi dariya, ya ce ai ko cikin barci aka tashe shi zai faɗa. Ya faɗi wata lamba. Kafin in rubuta ya ce a'a, dakata, wannan ta tsohuwar bindigar da ya sayar ce. Ya faɗi wata. Ya ce a'a. Sai na ji numfashinsa kawai. Mutumin da ya fi shekara ashirin yana matsa dalma iri ɗaya da hannunsa.

"Bari in shiga in dubo kwalin," in ji shi. "Hajiya na ɗakin tana guga. Ka ba ni ɗan lokaci."

Ban san abin da ya sa ba, sai na ji ba zan iya barinsa ya shiga ɗakin nan yana leƙen kwali a gaban matarsa ba. Na ce ya bari, mai shagon ya ce akwai wanda ba ya buƙatar lamba. Na ji ya sauke ajiyar zuciya, ya ce to madalla, dama Katsinawa ba su iya riƙe lissafi.

Na ce da mai shagon gudumar nake so. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce kafaɗar abokina ce, ba tasa ba. Ya naɗe mini ita a takarda, ya ce kada a buga a kan siminti ko ƙarfe, kan katako kawai, kuma a sa tabarau.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, daga tasha na shiga bas mai hawa tudu zuwa Rillieux. Benayensu dogaye ne masu kama da juna, amma na san nasa da tukwanen barkonon da Hajiya ke shukawa a baranda. Ya tare ni a ƙofa da fara'a. Ya rame kaɗan. Muka yi gaisuwa mai tsawo irin ta gida, wadda waya ta hana mu, har ya tambayi mutanen da ni kaina na manta da su. Na ji hankalina ya ɗan kwanta.

Hajiya ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka. Da muka gama ya shiga wanke hannu, sai ta zo ɗaukar kwanuka, ta durƙusa kusa da tabarma ba ta dube ni ba.

"Malam, na san abin da ya kawo ka."

Na ce ziyara ce.

"Allah ya ba da ladan ziyara. Matar shugaban kulob ɗinsu muna haɗuwa a kasuwa." Ta tara kwanukan a hankali. "Sau da dama ina kashe gas a bayanshi. Rannan ya fita sayen burodi, sai a tashar bas na same shi zaune, ya ce hutawa yake. Ban ce mishi kome ba. Wurin harbin nan shi kaɗai ya rage mishi, Malam. Yara sun tafi, abokan aiki sun watse. In aka raba shi da shi, kujerar nan zai zauna har ta cinye shi. Kome ka gani, ka bar shi ya yi azumin bana da zuciyarshi ɗaya. Bayan salla ni zan san yadda zan yi."

Kafin in ba ta amsa ya fito, ta ɗauki kwanukan ta wuce.

A ɗakin aikinsa na kwance takardar na miƙa masa gudumar. Ya juya ta, ya leƙa cikin ramin, ya dube ni.

"Bakatsine, na aike ka kayan aiki, ka kawo mini abin wasan jikoki."

"Ita ce ba ta son lamba."

"Ita ce kuma duk bene zai ji. Tsohon da ke ƙasa da mu, ko cokali ya faɗi sai ya bugo silin da sanda. Ga inji nan zaune, da ka kawo mai bakin awartaki da mun gama a nan muna shan shayi." Ya sake juya ta. "Ba kome. Laifina ne da na aiki ɗan kasuwar zane."

Bai tambaye ni dalilin da ya sa na zaɓe ta ba, ni ma ban faɗa ba.

Ya buɗe akwatin ƙarfe, muka jera kwalayen harsashin a cikin keken cefanen Hajiya, ya rufe da tsohon bargo. Ya ce da ita za mu sauka gyara keken jikansa. Ta ce Allah ya taimaka. Muka sauka ƙarƙashin benen, inda kowane gida ke da ɗan ɗakin ajiya mai ƙofar katako. Nasa cike yake da akwatunan da aka daɗe ana cewa za a kai gida. Akwai wani guntun kututture da Hajiya ke sara nama a kai lokacin layya, shi muka jawo tsakiya. Ya kawo kwanon sha don zuba albarushi, da wani ɗan mudun tagulla da bai kai kan yatsa ba. Ya ce cikinsa ɗaya shi ne abin da ya kamata a samu a kowane harsashi.

Kafin mu fara ya tsaya da gudumar a hannu.

"Malam, ga abin da na yanke tsakanina da Allah. In wancan guda ɗaya ne, to kuskure ne, ko liman yana rafkanuwa. Sai in koma layi. In anka samu wani, na gama. Ba zan jira ranar da zan cire ma wani ɗan mutane ido ba."

Ya sa na farko, ya murɗe, ya buga. Bugun bai yi ƙarfi ba. Ya sake, ya sake, dalmar ba ta ko motsa ba. A bugu na gaba gudumar ta kauce ta sami gefen kututturen, ya riƙe kafaɗarsa yana cije leɓe. Na karɓa, na sa tabaransa na aiki a kan nawa. Hannun da ya saba ɗaga dilar shadda bai sha wuya ba, bugu kaɗan sai ga dalma ta faɗo, baƙin gari ya biyo ta.

Ɗakin ba shi da fitilar kansa. Hasken na dogon lungun da ke gaban ɗakunan ne, irin wanda ake dannawa ya yi ɗan lokaci ya mutu da kansa. Maɓallin yana jikin bangon lungu, ɗan gaba da ƙofa, saboda haka ya kifa bokiti ya zauna a ƙarƙashinsa, duk sa'ad da wuta ta ɗauke ya miƙa hannu ya danna. Daga inda yake yana ganina, amma ba ya ganin cikin kwanon. Sai aikin ya zama haka: in buga, in buɗe marfi, in juye a tafin hannuna, in gwada da ɗan mudun, shi kuma ya tambaya.

"Akwai?"

"Akwai."

"Daidai?"

"Daidai."

Kwalin farko ya ƙare lafiya. Ya fara raha, yana ba ni labarin yadda ubansa ke ɗura bindigar toka da tsumma, yana tofa bisimilla a bakin bututu. Ya ce in na gaji in faɗa, a kira mini wata Bakatsiniya ta karɓe ni, tunda su suka saba daka. Na ce ai bawa ne ya kamata ya yi dakan, ubangijinsa na zaune, duniya ce ta juya. Ƙarar bugun tana bin lungun tana dawowa. Wani maƙwabci ya sauko ɗaukar kaya, ya leƙo, Bagobiri ya ce masa gyara muke, ya wuce.

A cikin kwali na biyu na buɗe marfi na juye, sai dalma kaɗai ta faɗo a tafina. Na bubbuga gudumar, na leƙa cikin kwanson. Tagulla ce tsaf tana ƙyalli, ba ta ga albarushi ba.

"Akwai?"

Na ji maganar Hajiya a kunnena. Ban iya cewa akwai ba, tsoron Allah ya hana ni. Ban kuma iya cewa babu ba. Na ajiye kwanson a bayan ƙafata ta hagu, na ɗauki na gaba.

"Mu je," na ce.

Na gaban yana da albarushi, na ce akwai da ƙarfi. Bayan 'yan kaɗan kuma aka sake samun wofi. Sa'an nan wani ya zo wanda garin ya cika ɗan mudun ya zube, na sake cikawa bai ƙare ba. Ban san kome ba a sha'anin bindiga, amma na san wannan shi ya fi wofin haɗari. Shi ma na ajiye shi a bayan ƙafata. Duk wanda ya zo haka sai in ce mu je. Tun yana amsawa da raha har ya daina. Can sai ya daina tambaya gaba ɗaya, yana danna maɓalli kawai in duhu ya rufe mu.

Kafaɗata ta fara zafi. Na duba waya na ce la'asar ta yi. Da alwalarmu muka sauko, sai muka shimfiɗa kwalaye a lungun, ya nuna mini gabas, na shiga gaba. Ana cikin raka'a ta biyu wuta ta ɗauke, muka ƙarasa a duhu. Da muka sallame bai tashi ya danna ba. Muna zaune, ba na ganin fuskarsa, sai ɗan hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofar bene.

"Malam, ka tuna shekarar da kake jiran takardunka na zama?"

Na ce na tuna.

Abin da yake nufi shi ne wannan. Muna foye a lokacin, matata tana Maraɗi da 'yarmu ta fari, wadda na bari tana rarrafe. Ƙyanda ta ɗauke yarinyar. Labari ya iso ga dattawan foye, suka zauna suka yanke cewa kada a gaya mini sai takarduna sun fito, domin in na ji zan tafi gida, in na tafi kuma ba ni da hanyar dawowa. Niyyar alheri ce. Haka na yi kwanaki ina yawo a cikin mutanen da kowa ya sani sai ni, ana zuba mini nama fiye da kowa, ana yi mini murmushi, ni kuwa ina neman ɗan takalmin da zan aika mata. Bagobiri ne ya tare ni a kan matakala, ya karɓe takalmin daga hannuna, ya ce Malam, 'yarka ta rasu, sai haƙuri. Dattawa suka yi fushi da shi ƙwarai. Ban tafi gida ba a ƙarshe, amma na yi wa 'yata addu'a a lokacinta, na kuma rubuta wa uwarta tun hawayenta bai bushe ba.

"Ka tuna abin da ka ce mini bayan nan?" in ji shi a cikin duhun.

"Na tuna."

"Faɗi in ji. Ni kaina ya fara zuba, kada in ƙara maka abin da ba ka ce ba."

"Na ce ka ɗora mini bashi. Na ce duk ranar da kowa ya yi maka shiru, ni zan faɗa maka."

"To yau kowa ya yi shiru. Yara in sun kira sai su yi ta maimaita mini magana kamar ƙaramin yaro. Shugaban kulob shina dafa mini kafaɗa. Kai ma tun ɗazu mu je, mu je, kamar yaron mota. Ban taɓa tambayarka ba shekara da shekaru. Yau na zo karɓa."

Na tashi na lalubi maɓallin na danna. Na shiga ɗakin na kwaso kwansunan da na tara a bayan ƙafata, na durƙusa a gabansa na zuba masa a cinyar rigarsa. Na ware masa su da yatsa. Na ce waɗannan ba kome a cikinsu. Waɗannan kuma abin da na samu a ciki ya ninka mudu. Na ce kuma ba mu kai rabin kwalayen ba. Na ce Bagobiri, wannan ba rafkanuwar liman ba ce, ciwo ne, sai an ga likita.

Ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido, ya juya shi a haske, ya daɗe yana kallon cikinsa.

"Dubi yadda na wanke shi," in ji shi. "Kamar sabo."

Hawaye ya sauko masa ta gefen hanci ya shiga gemu, bai share ba. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, kamar wanda aka kawo wa ta'aziyya. Na zauna kusa da shi a kan kwalin. Wuta ta mutu, na danna. Ta sake mutuwa, na sake dannawa.

"Hajiya ta sani?"

"Ta riga ni."

Ya kaɗa kai, har ya ɗan yi dariya. "Ni ina ɓoye mata, ita tana ɓoye mini. Ɗaki biyu da falo." Ya tattara kwansunan a hannu biyu. "Tashi, Bakatsine, ba ka gama daka ba. Ba za mu bar ko ɗaya a haɗe ba. In na mutu wani yaro ya tarar da su ya ce na babana ne, shi ke nan na yi kisa daga kabari."

Muka koma. Bai ƙara zama a kan bokitin ba, ya tsaya a bakin ƙofa inda hannunsa ke kaiwa ga maɓalli in ya miƙe, idonsa kuma na kaiwa ga tafina. Ba tambaya, ba amsa. Ni ina bugawa, shi yana ware dalma gefe, kwanso gefe. Kafin magariba muka ga ƙarshen kwalayen, hannuna ya yi kanta, ba na iya ɗaga shi sama da ƙirji. Ya ce ranar Litinin in raka shi kulob ya miƙa bindigoginsa da albarushin yadda doka ta ce, daga nan mu nemi ranar ganin likita.

Haka kuwa aka yi. Ya yi azumin shekarar a kujerar da Hajiya ta ji tsoro, kuma ta daɗe ba ta sake mini fuska ba, ban ga laifinta ba. Ciwon ya bi hanyarsa a hankali. Zuwana na ƙarshe kafin Allah ya karɓi abinsa, ya gaishe ni da ladabi kamar baƙo, ya tambaye ni daga wane gari nake. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Amma a yammacin nan da nake ba da labari hankalinsa na tare da shi sarai. Muka loda kayan a keken cefane, ya kulle ɗakin, muka nufi matakala. A mataki na farko ya tsaya, ya ce in jira shi a nan, yana son ya hau ya gaya wa Hajiya da bakinsa kafin in shigo. Ya miƙo mini hannu, na ba shi na hagu domin na dama ya ƙi ɗaguwa.

"Malam," ya ce, "ka biya. Ba ni binka kome."